Ranakun da Adda Ba Ta Gane Ni Ba

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a gidajen Fulanin da suka zauna a kewayen Gwandu ya san abin da hakan yake nufi. Uwarka ba ta kama sunanka, ba ta kallonka ido cikin ido, ba ta yabonka ko da zaki ka kamo da hannu. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna. Tsakanin ɗakinta da na mahaifiyata bai wuce taku ashirin ba, rumbu ɗaya ne ya raba su, amma a wurin Inna na yi wayo, a can nake ci, a can nake kwana. Na tashi ina kiran mahaifiyata Adda, don kuwa haka na ji ƙannenta suna kiranta, ba kuma wanda ya gyara mini. Ita kuwa in ta kama dole ta ambace ni, sai ta ce ɗan Inna.

Da a ce Adda mace ce mai ɗaure wa kowa fuska, da abin ya zo mini da sauƙi. Sai ga shi duk ƙauyenmu, da ke gefen Dalijan, ba wanda ya kai ta dariya. Ba wata dukiya gare ta ba, shanun gidan ma ba nata ba ne in ban da guda biyu da ta zo da su, amma abin da bai kai ya kawo ba sai ya sa ta farin ciki yini guda. In maraƙi sabon haihuwa yana kokawar miƙewa, takan ajiye duk abin da take yi ta tsuguna tana kallonsa, yana faɗuwa tana ba shi baki, har ya tsaya ƙafafunsa suna rawa. In tana kaɗa nono takan kara gorar kusa da kunnenta, wai akwai lokacin da ƙarar take sauyawa in mai ya fara haɗuwa, kuma kullum ta ji sauyin sai ta yi murmushi kamar ranar ta fara ji. Ruwan farko na damina ba ya korar ta ɗaki. Takan tsaya bakin ƙofa tana shaƙar ƙamshin ƙasa, ƙannena suna rataye da zanenta.

Duk wannan daga nesa nake hango shi. Ina shigowa tsakar gida dariyar take ɗaukewa, ta gyara ɗankwali, ta nemi wani aiki ta sa a gaba. Na girma ina kishi da maraƙi, kuma ba na jin kunyar faɗa yanzu da furfura ta fara fito mini.

Ni ban gado ta ba. Gaggawa gare ni, ga riƙo. In ina cin tuwo hankalina yana wajen wanke hannu, in ina hanya hankalina ya riga ni isa ya fara shirin dawowa. Inna takan ce ko a aljanna aka sa ni sai na tambayi ƙarfe nawa ake tashi. Riƙo kuwa, har yau ina iya faɗa maka wanda ya taka mini ƙafa a sahun sallar idi ina ɗan shekara tara, da irin takalmin da ke ƙafarsa. Hali zanen dutse, na yi ta fama da shi, ban kankare ko kaɗan ba.

Ina aji shida na firamare na zo na ɗaya a jarrabawa, bayan shekaru ina bin bayan ɗan wani mai sayar da albasa. Tun daga makaranta nake gudu da takardar sakamako a hannu. Na shigo na tarar da Adda ita kaɗai a bakin turmi tana dakan geron fura, matan gida suna daga gefe suna tankaɗe. Murna ta sa na manta da duk wata ƙa'ida, na tsaya a gabanta ina haki, na miƙa mata takardar na ce ni ne na ɗaya. Taɓaryar ba ta tsaya ba. Ko kallon takardar ba ta yi ba, ta ce, "Kai ma Inna."

Na kai wa Inna. Ta rangaɗa guɗa, ta dafa mini ƙwan zabo uku, ta zaga da takardar gida gida alhali ba ta san sama da ƙasanta ba. Da ta ga na ƙi sakin fuska sai ta zaunar da ni ta ce kunya ce, haka ita ma ta yi wa mahaifina, haka uwarta ta yi wa yayanta, macen da ta rasa wannan ba ta da abin da za ta ɗaga kai da shi a cikin mata. Na sani, kowane yaro a ƙauyen ya sani. Amma sanin akwai ruwa a rijiya ba ya kashe ƙishi. Na cinye ƙwan, na kuma riƙe abin a raina shekara da shekaru.

Na yi karatu, na sami aikin koyarwa a wata sakandare a Kalgo, na yi aure. Matata 'yar Birnin Kebbi ce, tashin zamani, wadda takan tsaya a ƙofar gida ta ƙwala wa ɗanmu na fari kira da cikakken sunansa har maƙwabta su ji. Abokan aikina kuma kowa da hoton uwarsa a waya, an rungume juna ana dariya, ana nuna mini. Ina cewa Allah ya ƙara lafiya, ina kau da kai. In na je gida nakan durƙusa a ƙofar ɗakin Adda in gaishe ta, ta amsa daga ciki a taƙaice. Amma kullum nakan tarar da ƙwaryar fura da kindirmo mai kauri a ɗakin Inna, an rufe da sabon faifai, ba mai cewa ga wanda ya kawo. Mai hankali da ya gode wa Allah ya sha furarsa. Ni kuwa so nake a ba ni a hannu, a gaban mutane.

Shekarar da na gama ginin gidana na shirya walima. Na kafa rumfuna, na ɗauko kujerun roba da lasifika da mai hoto, na aika mota ta kwaso mutanen ƙauyenmu. Adda ta zo a cikin ayarin mata, kamar kowace baƙuwa, ta zauna can baya. Tun kwana uku kafin ranar na faɗa wa matata abin da nake shirin yi. Duk da wayewarta sai ta ce in rufa wa kaina asiri, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na ce mata zamani ya sauya, kuma ai uwata ce ba tata ba.

Bayan an yi addu'a na karɓi lasifika. Na gode wa jama'a, sannan na ce akwai wadda ta fi kowa cancanta a gode mata, ita ce wadda ta haife ni, ni ne ɗanta na fari, ina roƙon ta taso jama'a su gan ta. Adda ba ta motsa ba. A nan ya kamata in tsaya, amma mai gaggawa ba ya ganin rami sai ya faɗa. Na ratsa cikin mata na kama hannunta na tashe ta, na jawo ta gaban rumfa, na dafa kafaɗarta na ce wa mai hoto ya ɗauka. Abokan aikina suka yi ta tafi. Mutanen ƙauyenmu, maza da mata, kowa ya sa idonsa a ƙasa. Adda kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa.

Kafin a raba abinci ta fice, ita da ƙanwarta, suka taka da ƙafa har tasha a cikin zafin nan na Kalgo. Da yamma kawuna, yayanta, ya ja ni bayan gida. Bai ɗaga murya ba.

"Karatun ga naka bai koya maka komi ba," ya ce. "Shekara arba'in tana tsaron mutuncinta, ka tuɓe mata shi rana guda gaban baƙi."

Garin neman gira na rasa ido. Shekara bakwai Adda ba ta sake taka Kalgo ba, ko da matata ta haihu sau biyu a tsakani. In na je gida ina gaishe ta, tana amsawa kamar da, amma ban ƙara tarar da ƙwaryar fura ba. A lokacin na ɗauka fushi ne, na kuwa mayar da nawa fushin, don ni ba a fi ni iya wannan ba. Sai daga baya na gane na jawo mata idon jama'a ne, ko tari ta yi in ina gida sai an ce don ni ta yi.

A cikin shekarun nan Inna ta rasu, mahaifina ya bi ta, aka sayar da mafi yawan shanun. Wata rana ƙanena da ke noman albasa a gida ya kira ni a waya ya ce in zo, Adda ba daidai take ba. Ta fara zuba gishiri a fura, tana aika gaisuwa ga mutanen da suka daɗe a ƙasa. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne an tsince ta da tsakar rana a hanyar Masama ba takalmi, wai tana neman jar saniyarta, wadda aka sayar tun ina sakandare. Na ɗauko ta na kawo ta Kalgo don mu fi kusa da likita. Ba ta yi musu ba, don ba ta san inda za a kai ta ba. Likitan da ya duba ta a Birnin Kebbi ya ce ruɗewar tsufa ce, ba ta da magani sai haƙuri da kulawa, wata rana za ta gane mutane, wata rana ba za ta gane ba.

Matata ta shimfiɗa mata tabarma a gindin dogon-yaron da ke tsakar gida, ta sayo mata kaba. Kan Adda ya manta abubuwa da yawa, amma hannunta bai manta saƙar faifai ba. A nan take yini. Makonnin farko ba abin da ya sauya tsakanina da ita, in na gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa.

Ran nan na dawo daga makaranta bayan la'asar, kaina cike da takardun jarrabawar da ban duba ba. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta kamar kullum, ina shirin miƙewa. Sai ta ɗago ta dube ni, kallo sosai, ba na gefen ido ba. Ina da shekara arba'in da bakwai a ranar da na san launin idon mahaifiyata, ba baƙi ba ne kamar nawa, ruwan ƙasa ne, tsufa ya zagaye shi da fari.

"Sannu, Mallam," ta ce. "Kai ad da gidan ga? Allah shi saka maka, ana kula da ni. Taho zamna nan, ka ga wani abu."

Na zauna a bakin tabarmar. Kazar matata ce ta ƙyanƙyashe, akwai wani ɗan tsako a ciki da yake kwaikwayon uwarsa tonon ƙasa, in ya ɗaga ƙafa ɗaya sai ya kife. Shi ne abin da take son in gani. Na duba, na ce to, hankalina ya fara komawa kan takardu da tunanin ko in kira likita. Sai na ji ta ɗaka mini duka a gwiwa, ta ce in dubi nan, ina na kai hankalina. Na dawo da ido. Ɗan tsakon ya sake ɗaga ƙafa, ya yi tangaɗi, ya kife a kan ɗan'uwansa. Adda ta fashe da dariyar nan da nake ji ta bayan rumbu tun ina yaro, ta jingina da kafaɗata tana share hawaye. Na yi dariyar tare da ita. Da ta koma kan saƙarta na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kuka kamar ba magidanci ba.

Daga ranar na zama Mallam, mai gidan da ta sauka. Ina tashi daga makaranta ba na tsayawa hira, in ajiye waya a ɗaki, in zo in zauna. Ta nuna mini abubuwa a cikin gidan da na gina da kaina waɗanda ban taɓa gani ba. Akwai wani ƙadangare mai guntun bindi da yake fitowa kan bulo ɗaya kullum a lokaci ɗaya. Akwai belbelu da suke dawowa daga fadamun shinkafa gab da magariba, su ratsa daidai saman gidana, ta ce in lura na gaba ba ya daɗewa a gaba, sai ya ja baya wani ya karɓa. Shekara bakwai suna wucewa ta kaina ban ɗaga ido ba. In hankalina ya gudu tana ganewa nan take, gwiwata ta sha duka. Ban san me masana suke cewa a kan farin ciki ba, amma na Adda na ga inda yake fitowa. Duk abin da ke gabanta takan ba shi hankalinta gaba ɗaya, ba ta rage komai don jiya ko gobe, in ta daɗe tana kallo sai abin ya ba ta dariya ko ya ba ta tausayi. Ni ma na ɗan koya, kaɗan dai, gwargwadon kan mai taurin kai.

Wata yamma ta tambaye ni ko ina da 'ya'ya. Na ce huɗu. Ta ce ita shida ta haifa, ta shiga lissafa ƙannena da sunayensu, tana faɗin halin kowa. Ta kai biyar ta tsaya. Ta waiga hagu da dama, ta matso, ta rage murya ta ce akwai na fari. Na ce yaya sunansa. Ta rufe baki da tafin hannu tana dariya.

"Haba Mallam, ga bakina?"

Ciwon ya cinye mata sunan garinsu da shekarar da ake ciki, amma bai kai nan ba. Sunan dai ban ji shi ba. Sauran kuwa na ji har na rasa inda zan sa kaina. Ta ce yaron yana tafiya ƙafarsa ta hagu tana ɗan karkata ciki, ko cikin yara goma ya taho da duhun asuba ta san takunsa. Ta ce tuwo daga gefe yake fara ci yana zagayawa, in ransa ya ɓaci leɓen ƙasa yake ciza. Ta ce akwai wata 'yar kafa tsakanin rumbu da danga, nan take tsayawa kowace safiya da tsintsiya a hannu kamar mai shara, tana kallonsa har ya wuce kukar bakin hanya zuwa makaranta. Ta ce ba wanda ya taɓa kama ta, ta faɗi haka tana alfahari kamar ɓarawon da ya tsufa ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba.

"Ran da yak kawo takarda, shi an na ɗaya, gero nika daka," ta ce. "In na aje taɓarya kowa shi gani ga huskata. Sai nid daka, nid daka, har turmin yat tsage."

Na tuna turmin. Na tuna mahaifina yana faɗa a kan wa ya fasa shi, na tuna an ɗaure shi da fatar saniya an ci gaba da amfani da shi har na bar gida. Shekaru ina wucewa ta gabansa da riƙona a ciki.

Ba kullum take cikin ruɗewa ba. Wasu ranakun takan tashi garau, ta san tana Kalgo, ta san gidan wa take. A irin ranakun in na gaishe ta sai ta ja mayafi ta juya wa bishiya fuska, ta amsa a taƙaice. Ran nan na yi ƙarfin hali a irin wannan rana na ce ta yafe mini abin da na yi ranar walima. Ta ce ba komi, ba ta juyo ba, kuma na san ba za ta ƙara ba. Da na gwada tayar da zancen a ranar ruɗewa, sai na tarar ba ta san an yi wata walima ba. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa gidan yaron ba, amma an ce mata babba ne, har da famfo a ciki.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne ya fi yi mini nauyi. Na fara fatan ranakun ruɗewa. In na shigo gida na ga ta ja mayafi sai gabana ya faɗi, in ta ce sannu Mallam sai in ji sanyi. Ɗa ne yake murna ciwon uwarsa ya tashi. Matata ta lura, don ba abin da yake wuce ta. Ta ce mini sata nake yi, abin da baiwar Allah ta ɓoye shekara hamsin nake kwasa don na ga mai gadin ya yi barci. Na yi mata faɗa sosai, irin faɗan da mutum yake yi in an faɗa masa gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, na kuma san ko wane ne ƙadangaren. Na yi niyyar dainawa, na yi kwana biyu ina gaisuwa daga nesa ina wucewa. A rana ta uku Adda ta aika 'yata ta tambayo ko ta yi wa Mallam laifi ne, na koma na zauna.

Hirarmu ta ƙarshe mai tsawo da damina ce, an ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙamshi. Ranar ba ta yi dariya ba, kabar tana hannunta ba ta saƙa. Ta ce abu ɗaya yake damunta game da yaron nan. Na gyara zama ina jiran in ji laifina, na san suna da yawa.

"Ba shi dariya," ta ce. "Tun shina ƙarami, in ya shigo gida huskatai ɗaure. Ban taɓa ganin haƙoranai ba. Ban sani ba ko shina jin daɗin duniyag ga, ko ni nib ɓata mai ita."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ina ta ƙirga dariyar da ta hana ni, ban san ita ma tana tsaye a bayan rumbu tana jiran tawa ba. Ta ce ni da nake cikin gari, kuma malamin makaranta kamarsa, wataƙila na san shi. Na ce na san shi. Ta kama hannuna ta tambaye ni ko yana dariya.

"Shina yi," na ce.

"Ka gani da idonka?"

"Na gani. Kwanan nan ma kullum sai ya yi."

Ta saki ajiyar zuciya ta yi hamdala sau uku. Fuskarta ta washe gaba ɗaya, irin yadda take yi in maraƙi ya tsaya da ƙafafunsa. A nan na ji ba zan iya ba. Na buɗe baki zan ce Adda ni ne, ki dube ni da kyau, ni ne. Sai ta ƙara damƙe hannuna, ta matso har ina jin numfashinta.

"Mallam, duk abin ga da nih hwaɗa maka, kul ka hwaɗa mai. Kul ka hwaɗa ma mutanenmu. Ka yi mani alkawali."

Na dube ta. Da na faɗa mata ko ni wane ne, ko dai ba za ta yarda ba, ko kuma ta yarda, ta gane watanni tana zuba wa ɗanta na fari cikinta a tsakar gidansa. Sau ɗaya na taɓa tuɓe mata mutunci, ya ishe ni. Na ce na yi alkawari. Ta saki hannuna ta ɗauki kabarta, ta ce in duba, belbelu sun taho.

Bayan nan magana ta fara yi mata wuya, sannan abinci. Ta rasu da hantsi a farkon kaka, matata tana riƙe da kan Adda, ni ina aji ina koyarwa. Muka kai ta gida aka rufe ta kusa da Inna.

A rana ta uku ta zaman makoki na shiga cikin gida gaishe da mata. Ƙanwarta, wadda suka taka zuwa tasha tare ranar walima, ita ce a gaba, ta tsufa ita ma. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta juya ga matan da suka cika tsakar gidan tana share ido da bakin mayafi. Ta ce irin yayarta sun ƙare. Ta ce ga shi dai ciwo ya ɗauke mata hankali, ta yi wata takwas a gidan yaron nan, tana ci tana sha a hannunsa, amma ta tabbata har ta koma ga Allah ba ta taɓa sakin baki ta nuna ta san da shi ba. Matan suka yi ta gyaɗa kai suna cewa Allah ya jiƙanta, kunya ta bi ta har kabari. Sai ƙanwar tata ta juyo gare ni.

"Ko ba haka ba, ɗan Inna?"

Matata tana zaune a gefe, ta sunkuyar da kai.

"Haka na," na ce. "Ko sau guda ba ta taɓa ba."